Babi Na Biyar: Launi Da Tsarin Ɗaki A Gidan Hausa

Adon ɗaki a ƙasar Hausa hanya biyu yake bi. Ta farko ita ce a tsayar da launi biyu ko uku tun kafin a sayi ko allura, sannan fenti, labule, kujeru, kafet da zanen gado duk su bi sahu. Wannan ce ta mamaye gidajen amare a birane a yanzu. Ta biyu, wadda ta girme ta nesa ba kusa ba, ita ce a tara kaya sannu a hankali, kowanne da launin da ya zo da shi, a bar wa jere aikin haɗa kansu. Masu sana'ar ado na zamani kan kalli ta biyun a matsayin tarkace, alhali tana da ƙa'idojinta masu tsauri, sai dai ba a kan launi aka gina su ba. Wanda ya fahimci waɗannan ƙa'idoji zai fi gane abin da tsarin launi ke yi wa ɗaki, da kuma inda yake gazawa.

Launin da gini ya zo da shi

Ginin ƙasa ba ya tambayar mai gida launin da yake so. Ƙasar da aka haƙo daga kududdufin unguwa ita ake kwaɓawa a yi tubali, ita ake yaɓe da ita, don haka launin gida launin ƙasar garin ne, ja-ja a wani wuri, fari-fari a wani. Abin da ake ƙarawa a kai ma daga muhallin yake fitowa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana cuɗa ta da ƙasa a shafe bango don ta kare shi daga ruwan sama, ta bar shi da launi mai duhu tsakanin ja da ruwan ƙasa. Laso kuwa haɗi ne na katsi, wato dattin da ke kwantawa a gindin karofin marina, da gashin jima da ruwan dafara. Shi ake shafa wa rufin soro da saman katanga, yana bushewa da launin toka. A cikin ɗaki ana shafa farar ƙasa. Daɓe aikin mata ne: a baza tsakuwa da jar ƙasa, a yi ta bugu da madaɓi ana yayyafa ruwan makuba har ya yi santsi ya yi duhu.

Da waɗannan 'yan launuka aka yi gine-ginen da har gobe ake zuwa kallo. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846), adonsa na ciki bai dogara da launi ba. Ginshiƙai ne da bakan gizo da zanen da aka fito da shi daga jikin yaɓe, haske ya faɗa a gefe ɗaya, inuwa ta kwanta a ɗaya gefen. A tsohon garin Agadas, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, da unguwar Birni ta Damagaram, ana ganin irin wannan hikima a gidajen attajiran da.

Abin lura a nan shi ne, bango da daɓe da rufi, waɗanda su ne mafi yawan abin da ido ke gani a ɗaki, a kwance suke, ba su da hayaniya. Duk abin da aka ɗora a kansu, komai ƙyalƙyalinsa, yana da inda zai jingina.

Jere

A kan wannan bango mai sanyi ne mace ke baje kolinta. Tsohon tsarin gida ya raba ado biyu: namiji yana nuna arzikinsa a waje, a fuskar zaure da zankwaye, turakarsa kuwa ba ta wuce shimfiɗa, buzu, littattafai da 'yan akwatuna ba. Ɗakin mace ne ke ɗaukar launi. Da farko ƙore ne da akusa da fayafai masu rini da tasoshin tagulla irin na Bida. Da kwanon sha mai fenti ya shigo daga Turai, daga baya kuma daga Hong Kong, sai ya kore su ɗaya bayan ɗaya, musamman bayan da masu masana'antu 'yan Hong Kong suka kafa kamfanonin yin sa a Legas da Kano a farkon shekarun 1960. Langa, samira, kumbo, fanteka da faranti suka zama dukiyar da uwa ke tara wa 'yarta tun tana ƙarama, sau da yawa da ribar tallan da yarinyar ta yi da kanta.

Kayan da aka shekara goma ana tarawa ba yadda za a yi su zo da launi ɗaya. Wannan saiti mai jan fure ne, wancan shuɗi da rawaya, wani kore da bakin zinare. Amma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da gwanayen 'yan jere suka yi wa aiki ya san ido ba ya ruɗewa a ciki. Dalilin yana cikin yadda suke aikin. Suna farawa da manyan kwanoni a ƙasa, a ɗora masu bi musu, a yi ta hawa har a ƙare da ɗan ƙarami a can sama, kowane ginshiƙi ya yi tsini. Ginshiƙin da ke dama sai an yi masa ɗan'uwa a hagu, tsayi ɗaya, iri ɗaya. Ana juya kowane kwano har furensa ya kalli ƙofa, ya kuma daidaita da furen na ƙasa da shi, ta yadda zanen zai sauko a layi ɗaya daga sama har ƙasa. Farantai suna tsayawa a baya, bakin wannan ya ɗan hau kan na wancan. Idan saiti ya yi ƙaranci, gwaggon amarya ta gwammace ta mayar da shi ƙarƙashin gado da ta bar gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ana iya kwance jere gaba ɗaya a sake saboda ginshiƙi guda ya karkace, kuma ba a rasa musu a kan haka tsakanin dangin uwa da na uba.

Abu uku ke riƙe da wannan ɗaki: maimaici, daidaiton dama da hagu, da kuma farin da ke jikin kusan kowane kwano, wanda furannin ke zaune a kansa. Launuka sun yi yawa, amma kowanne ya zo a ɗan ƙaramin wuri, an kuma maimaita shi sau da dama, ba wanda ya samu fili shi kaɗai balle ya danne saura. Ga kuma duhun ɗakin. Tagar ɗakin ƙasa ƙarama ce, tana can sama, hasken da ke shigowa kaɗan ne, saboda haka ƙyallin kwano da gado mai rumfa da tulin matasai masu aiki su ne ke haskaka wurin. Magina ma sun san da wannan, shi ya sa suke manna faranti ko tasa a tsakiyar rufi, inda bakan gizo suka haɗu.

Zuwan fenti

Siminti da fentin gwangwani sun sauya lissafin. A tsakiyar ƙarni na 20 fuskokin gidaje a Zariya da Kano suka cika da zane, har da keke, agogo, mota da jirgin sama a gefen dagi da takobi. Wani marubuci, A. H. M. Kirk-Greene, ya wallafa ɗan littafi kan irin waɗannan gidaje na Zariya a 1963. Ƙofar fadar Zazzau da fadar Dutse suna nuna inda wannan salo ya kai: kore, ja, shuɗi da rawaya, duka a bango ɗaya, kowanne da ƙarfinsa. Abin da ya hana su faɗa shi ne kowane launi an killace shi cikin zanensa, akwai layi ko tudu da ya raba shi da maƙwabcinsa, zanen kuma yana maimaita kansa. Ƙa'idar jere ce aka mayar kan bango.

Matsala ta taso ne lokacin da fenti ya shiga cikin ɗaki ba tare da wannan killacewa ba. Bangon da a da yake kwance ya zama shuɗi mai ƙarfi ko kore shar, aka shimfiɗa leda mai nata zanen a ƙasa, aka rataya labule mai manyan furanni, aka kawo kujeru masu wasu furannin daban, sannan ga kabad cike da kwanoni. Taga ta ƙara girma, lantarki ya zo, komai ya fito fili. Ido ya rasa wurin hutawa. Yawancin ɗakunan da ake kira na ƙauyanci a yau wannan ne ciwonsu, ba yawan launi ba. Tsarin launi na zamani ya samu karɓuwa ne domin ya zo da maganin wannan ciwo.

Yadda tsarin launi ke aiki

Tushensa abu ne da marina da masu ɗinkin hula suka daɗe da sani a aikace: launi ba ya zama shi kaɗai, maƙwabcinsa na sauya shi. Wanda ya fara rubuta wannan dalla-dalla shi ne Michel-Eugène Chevreul, masanin sinadarai da aka naɗa shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a birnin Faris a 1824. Masaƙa sun yi ta ƙorafin cewa baƙin zaren da ake rina musu ba ya baƙi sosai. Da ya bincika sai ya tarar rinin lafiyarsa ƙalau, launukan da ake saƙawa kusa da baƙin ne ke sa ido ya gan shi a koɗe. Ya fitar da littafinsa a 1839, kuma har yau a kansa ake gina darasin haɗa launi. Shi ya sa kujera ruwan toka takan yi kamar ta saje da kore idan aka jingina ta da jan bango, ruwan madara kuma ya yi kamar ya yi datti kusa da fari tas.

Haɗin da aka fi amfani da shi iri uku ne. Akwai launi ɗaya da aka yi masa hawa-hawa, kamar ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske da ruwan makuba. Wannan ba ya ba da kunya, amma idan ba a bambanta jikin kayan ba, wani mai santsi wani mai kaushi, ɗaki kan yi lami. Akwai launuka maƙwabta, kamar shuɗi da kore. Akwai kuma kishiyoyi, kamar shuɗi da ruwan goro, ko ja da kore, waɗanda ke ƙara wa juna ƙarfi, don haka ba a ba su fili daidai wa daida. Ɗaya ya yi rinjaye, ɗayan ya leƙo kawai. Masu ado suna da wani ma'auni da suke koya wa sabon shiga: kashi 60 na ɗaki ya ɗauki babban launi, wato bango da ƙasa, kashi 30 na biyu, wato kujeru da labule, kashi 10 na uku, wato filon kujera, fitila, agogo da sauran ƙananan kaya. Ba doka ba ce, amma tana hana kuskuren da ya fi yawa, na raba ɗaki biyu tsakanin launuka masu ƙarfi.

Al'adar aure ta sa wannan tsari ya zauna daram a birane. Ango ne ke gyara gida ya yi fenti, dangin amarya su kawo gado, kujeru, labule da kayan kicin, kuma yanzu yawanci a 'yan makonni ake sayensu, ba a shekaru ba. Kayan da aka saya lokaci ɗaya ana iya sa su bi launi ɗaya, har kuloli da tukwane da bokitin shara. Sai dai rabon aikin yana jawo kuskure guda da ake ta maimaitawa: ango ya riga ya yi fenti, sannan a shiga Kantin Kwari ana neman yadin labulen da zai dace da bango. Wannan juya al'amari ne. Fenti ana haɗa shi ya ba da kowane launi, a manyan shaguna ma da na'ura ake haɗawa. Yadin kujera da labule kuwa abin da ke kasuwa shi ke nan. Daidai shi ne a fara da abin da ba ya sauyuwa, wato tayil ɗin da ke ƙasa, musamman a gidan haya, sai kujeru, sai labule, fenti ya zo ƙarshe. A yanko ƙyallen yadin a kai wa mai fenti, ya shafa gwaji mai faɗin kamu biyu a bangon ɗakin, a bar shi ya bushe, a dube shi da safe, da la'asar, da kuma dare. Ɗan katin launi da ke shago yaudara gare shi: abin da ya yi sanyi a kati yakan yi ƙarfi idan ya cika bango huɗu. Idan aikin zai ci bokiti fiye da ɗaya, a juye su wuri guda a gauraya kafin a fara, domin bokiti biyu masu suna ɗaya ba lallai su fito iri ɗaya ba.

Haske, ƙura da hayaƙi

Hotunan da ake kwaikwayo daga Instagram da shagunan kayan Turkiyya da Dubai an ɗauke su ne a ɗakunan da ba su san hunturu ba. Daga Nuwamba zuwa Maris iska na kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shiga ko'ina ko da an rufe taga. Ƙurar fari-fari ce, saboda haka a kan abu mai duhu da sheƙi ta fi fitowa: baƙin tayil, teburin gilashi mai duhu, kabad ruwan makuba. A goge da safe, kafin azahar a iya rubuta suna a kai. Fari tas kuwa damina ce abokiyar gabarsa, lokacin da jar laka ke biyo ƙafa, sai kuma hannun yara a kowane lokaci. Launukan tsakiya, irin su ruwan ƙasa, ruwan toka mai haske da ruwan madara mai ɗan duhu, su suka fi rufa wa mai ɗaki asiri, kuma ba mamaki, don su ne launukan ƙasar da ƙurar ta fito daga cikinta. Tsohuwar dabarar nan ta shafa fenti mai mai daga ƙasa zuwa ƙugu, a sa na ruwa daga nan zuwa sama, wadda aka fi gani a makarantu da asibitoci, an raina ta ne kawai. A gidan da ke da yara ba abin da ya kai ta amfani a baranda da kicin.

Rana na cin launi. Labulen tagar da ke kallon yamma, idan ja ne ko shuɗi mai duhu kuma ba a yi masa shafi ba, yakan koɗe layi-layi a inda ya naɗe, kujerar da ke ƙarƙashin tagar ma ta bambanta da 'yan'uwanta. A ɗakin da komai launi ɗaya ne, irin wannan koɗewa nan da nan take tona kanta. Turaren wuta shi ma yana da nasa tasiri: hayaƙinsa na bin farin silin da farin labule a hankali har su koma ruwan ƙwai, musamman a kusurwar da ake ajiye kasko.

Da dare kuwa ƙwan lantarki ne ke yanke hukunci. Ƙwai mai farin haske, wanda ake rubuta 6500K a kwalinsa, yana sa ruwan madara da ruwan zuma su yi fatau kamar toka, amma yana fito da shuɗi da fari. Mai ɗumin haske, 2700K zuwa 3000K, yana raya ja, ruwan goro da ruwan gwal, ya kashe shuɗi. Fitilun caji da na sola galibi farin haske gare su, kuma a gidaje da yawa su ne ke aiki mafi yawan dare, don haka da su ya kamata a gwada launi, ba da fitilun cikin silin da ba kullum ake kunna su ba.

Ɗakin da ba a ɗaure shi da launi ba

Babban raunin tsarin launi shi ne yana ɗauka cewa ɗaki ya gama cika ranar da aka kai amarya. Zama kuwa kawo kaya yake yi. Hajiya ta dawo daga Makka da darduma kore da hoton Ka'aba mai bakin zinare. Ƙawa ta kawo gudunmawar agogon bango ja. An haihu, ga gadon jariri ruwan hoda da kwandon kayansa shuɗi. Kujera ɗaya ta yage, an nemi irin yadinta an rasa. A ɗakin da aka tsara da ruwan toka da fari kaɗai, kowane ɗaya daga cikin waɗannan baƙo ne da ba a shirya masa ba. Mai ɗakin ko dai ta ɓoye kyautar da aka yi mata don Allah, ko ta bar tsarin ya wargaje. Da yawa kuma sukan zaɓi hanya ta uku mai tsada, su sayar da kayan gaba ɗaya su sake sabo bayan 'yan shekaru, abin da ya sa kasuwar dillalan kayan ɗaki ba ta mutuwa.

Ɗakin da ba a ɗaure shi da launi ba yana karɓar irin waɗannan baƙi cikin sauƙi, muddin an kiyaye sharuɗɗan da tsohon jere ya kiyaye. Bango, ƙasa da silin su zama masu sanyi, marasa zane. A cikin manyan kaya, wato kafet, labule da kujeru, ɗaya kaɗai ya ɗauki zane mai ƙarfi, sauran su zama lami. Duk launin da ya shigo a nema masa ɗan'uwa a wani gefen ɗakin, ko da filo ne ko murfin fitila, domin launin da ya bayyana sau ɗaya kuskure yake kama, wanda ya bayyana sau uku kuwa niyya. Ƙananan kaya a tara su wuri ɗaya, iri da iri, maimakon a warwatsa su kan kowane tebur: fayafai goma a bango ɗaya ado ne, guda goma a bango huɗu tarkace ne. Kayan hannu na gida suna shiga irin wannan ɗaki ba tare da wahala ba. Tintimin fata na dukawa, tabarmar kaba, luru ko gwado a bayan kujera, da ƙyallen shuni na marinar Ƙofar Mata duk launukansu na da ɗan duhu da sanyi, suna zama lafiya da juna fiye da yadda launukan roba ke yi.

Ana iya haɗa hanyoyin biyu a gida ɗaya, kuma gidaje da yawa haka suke yi ba tare da sun sa wa abin suna ba. Falon baƙi, wanda ba a cika zama a cikinsa ba, yana jure tsarin launi mai tsauri. Falon iyali da ɗakin yara da uwar ɗaka kuwa sun fi son a sakar musu mara.

Kafin a shafa

Kowace hanya aka bi, launi ba ya zama a bangon da bai shirya ba. Sabon filasta na siminti yana buƙatar kamar mako huɗu ya bushe. Idan aka yi gaggawa saboda ranar biki ta matso, fentin yakan yi dabbare-dabbare ko ya ɓare kafin shekara ta zagayo. Bangon da ke jan danshi daga ƙasa, wanda gindinsa ke fitar da farin gari kamar kanwa, sai an magance ruwan tukuna, in ba haka ba kowane fenti aka sa zai kumbura ya zube. Bangon ƙasa kuma ba ya son fenti mai mai, domin yana toshe shi ya hana danshi fita. Farar ƙasa ko fentin ruwa mara kauri sun fi dacewa da shi.

Akwai kuma batun dalma. An daɗe ana sa ta a fenti mai mai, musamman rawaya, ja da ruwan goro, don launin ya fito ya kuma yi saurin bushewa. Guba ce da ke taɓa ƙwaƙwalwar yara ƙanana, waɗanda ke shaƙar ƙurar fentin ko su kai ɓawonsa baki. Ma'aunin da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba ƙasashe shawarar bi shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan. Mai sayen fenti na ƙofa, taga, gadon yara ko gindin bango ya duba gwangwani ya ga an rubuta ba dalma a ciki, ya kuma guji wanda ake aunawa a kwalba ba suna ba lamba. Idan za a kankare tsohon fenti mai mai, a jiƙa bangon kafin a fara, a fitar da yara da masu juna biyu daga gidan, a kuma goge ƙasa da tsumma mai ruwa maimakon tsintsiya.